Waiwaye: Yadda ake lissafa ƙishirwar gona a Jazira

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a Sudan a 1925, aka fara kwararo ruwan Kogin Nilu Shuɗi zuwa gonakin audugar Jazira, tambaya ɗaya ce ke bin injiniyoyi: ruwa nawa gona ke sha a rana? Hausawan da suka taso daga Mai Wurno, wani gari kusa da Sinnar, da ƙauyukan kewaye suna aikin hawasha, wato gonar da ake yanka wa kowane manomi, sun san amsar da ido, domin da ganye ya fara yaushi sun gane. Amma wanda zai buɗe ƙofar babbar magudana ba ya ganin ganye, lamba yake bukata.

Da farko awon kai tsaye aka dogara da shi. Tashoshin yanayi na Sudan sun daɗe suna amfani da bututun Piche, ɗan gilashi mai takarda jiƙaƙƙiya a bakinsa, sai kuma faffaɗan kaskon ƙarfe da ake cikawa da ruwa a duba abin da ya ƙafe. Matsalar ita ce kasko ba tsiro ba ne. Ƙarfensa na ɗaukar zafi, ƙura na shiga, tsuntsaye na sha.

A 1948 Howard Penman na tashar bincike ta Rothamsted a Ingila ya fito da lissafin da ya haɗa ƙarfin hasken rana da busarwar iska. A shekarar ce Thornthwaite ya kawo nasa a Amurka, mai dogaro da zafi kawai, Blaney da Criddle suka biyo a 1950. A 1965 John Monteith ya ƙara wa na Penman abin da ya rasa, wato yadda ƙofofin ganye ke riƙe ruwa. Sai a 1998 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba gardama a kundinta mai lamba 56: Penman-Monteith ne ma'auni, kuma za a riƙa lissafi bisa ciyawa mai tsayin santimita 12 da ba ta rasa ruwa. Daga nan ake ninkawa da lambar kowane amfani, auduga daban, alkama daban, gyaɗa da dawa daban.

To amma wannan lissafi yana neman abu huɗu kullum: zafi, danshin iska, saurin iska, da hasken rana. Inda tasha ba ta da su duka, akan koma ga na Hargreaves da Samani na 1985, wanda zafin rana da sanyin asuba sun ishe shi. A nan nake ganin haɗarin yake gare mu. Jazira fili ne fetal, kuma lokacin noman alkama busasshiyar iskar arewa ke kaɗawa daga hamada, tana zuƙe ruwan gona fiye da yadda ma'aunin zafi zai nuna. Lissafin da bai san iska ba yakan ba da lambar da ta gaza a irin wannan wuri. Kada a raina milimita ɗaya: a kan fadan guda, wato ma'aunin faɗin gona a Sudan, ruwa ne mita kubik 4.2, a fadan miliyan ɗaya kuwa miliyan 4.2 ne kowace rana. Manomin da hawasharsa ke wutsiyar magudana shi ke fara jin wannan giɓi. In kuma aka wuce gona da iri, an ɓarnatar da wani abu daga mita kubik biliyan 18.5 da yarjejeniyar rabon ruwan Nilu da Masar ta 1959 ta ware wa Sudan kowace shekara.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani, cibiyar binciken noman ƙasar, a Disamban shekarar. Yau masu bincike da dama na dogaro da bayanan tauraron ɗan'adam, kuma suna da amfani, sai dai dole a gwada su da awon ƙasa kafin a amince. Don haka in an zo gyaran magudanai, a sa ma'aunin iska da na danshi cikin kasafi tun farko, tare da albashin wanda zai riƙa karanta su kowace safiya.