Asid, bes da pH: tambayoyin da ɗalibai ba sa gajiya da yi

Duk shekara da zarar WAEC da NECO sun ƙarato, tambayoyin nan ne ke dawowa. Ga amsoshinsu, a karanta kafin a sake zuwa.

Malam, mene ne asid?

Abin da ke sakin H⁺, wato haidurojin mai ɗauke da caji, idan ya narke a ruwa. Bes kuma, kishiyar asid, ya saki OH⁻. Bayanin Arrhenius ke nan, ɗan ƙasar Suwidin, tun 1884.

To don me ake ba mu ma'anoni har uku?

Don ta farkon ba ta isa ba. Ta tsaya a cikin ruwa kawai, ga amoniya kuma ba ta da OH a jikinta amma bes ce. A 1923 Brønsted a Denmak da Lowry a Ingila, kowa da aikinsa, suka ce asid shi ne mai ba da furoton, wato H⁺, bes mai karɓa. A shekarar ce kuma Lewis na Amurka ya ce asid mai karɓar elektiron biyu ne, bes mai bayarwa. Duk daidai ne. Ka rubuta wadda aka tambaye ka, kada ka cakuɗa su.

Zan iya ɗanɗanawa in gane?

A'a. Ruwan batir asid ne, sodar da ake sabulu da ita bes ce, kowanne zai sale maka baki.

Tsakanin pH 3 da 4 ai tazarar kaɗan ce?

pH ma'aunin yawan H⁺ ne a ruwa: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da 7 asid, sama da 7 bes. Tsakanin 3 da 4 tazarar yawan H⁺ ninki goma ce. Tsakanin 3 da 5 ninki ɗari. Haka Sørensen, ɗan ƙasar Denmak, ya tsara ma'aunin a 1909, kuma nan ne kuke yawan zubar da maki.

Na auna ruwan rijiyarmu, takardar pH ta ce 6, mitar pH ta ce 7.2. Wa zan yarda da shi?

Wannan kam ba a yanke mata hukunci da gaggawa. Bisa ƙa'ida mita ta fi, amma sai in an saita ta da ruwan bafa, wato ruwan da aka san pH ɗinsa, na 7 da na 4, ko 7 da 10, kafin awo. Mitar da ta yi watanni a durowa, bakinta na gilashi ya bushe, za ta iya nuna maka kowace lamba. Ita kuma takarda da ido ake karanta ta, a kwatanta da launukan jikin kwali, kuma wadda ta sha zafi da laima launinta ba abin dogaro ba ne. Sannan yaushe ka ɗebo ruwan? Wanda ya kwana a buɗe yana musayar iskar kabon dayoksaid da sararin ɗaki, lambarsa na iya motsawa. Shi ya sa tataccen ruwan ɗakin gwaji, da ya kamata ya ba da 7, yakan sauka ƙasa da 6 in an bar shi a buɗe. Zafi ma da nasa: 7 ɗin da kuka haddace na digiri 25 ne. Ni dai shawarata, ka saita mitar, ka ɗebo sabon ruwa, ka jira lambar ta tsaya cik, ka maimaita. In ta faɗa tsakanin 6.5 da 8.5, nan ne ma'aunin ruwan sha, ka kwantar da hankalinka. Amma fa pH bai ce komai game da ƙwayoyin cuta ba, kada ka je gida ka ce malam ya ce ruwan lafiya lau.

Makarantarmu ba ta da litmus, takardar nan mai canza launi a asid da bes.

Akwai zoɓo. Jiƙa shi, ka ɗiga ruwan kanwa, jan zai rine ya koma kore mai duhu. Matsa lemon tsami, ja ya dawo. Lamba ce kawai ba zai ba ka ba.

Wajen tsarmawa, wanne ake zubawa cikin wanne?

Asid cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, kana juyawa. In ka zuba ruwa a kan asid mai kauri zai tafasa nan take ya fantsamo maka a fuska. Kuma kada ka taɓa yi babu malami a wurin.