Wai da gaske ana danne maudu'i a tirendin? Asalin rigimar

Duk sanda wani maudu'i ya ƙi hawa tirendin, wato jerin abubuwan da ke tashe a kafafen sada zumunta, sai ka ji ana cewa an danne shi. Wannan zargin ba yau ya fara ba, kusan tare aka haife shi da tirendin ɗin kansa.

A 2008 Twitter ta fara nuna jerin abubuwan da ke tashe, kuma da farko yawan magana kawai ake ƙirgawa, shi ya sa masoyan mawaƙi Justin Bieber suka riƙe jerin kamar gadon gidansu. A 2010 kamfanin ya sauya lissafin, ya zama abin da algoridim, wato tsarin lissafin da na'ura ke bi, ke dubawa shi ne yadda magana ta tashi farat ɗaya, ba yawanta ba. Nan fa masoyan Bieber suka ce an yi musu maguɗi. Ƙarshen shekarar aka sake irin wannan kuka kan WikiLeaks, shafin da ke fallasa takardun sirri, a 2011 kuma kan zanga-zangar Occupy Wall Street da mutane suka ga ba ta hawa tirendin a New York ɗin da ake yinta. Bayanin da aka bayar shi ne maganar zanga-zangar magana ce da take ta ƙaruwa a hankali kullum, ita kuwa na'ura sabon abu take nema, to ka ga ba sai wani ya sa hannu ba, tsarin da kansa yana fifita abin da ya yi ƙara yau a kan abin da aka yi wata guda ana fama da shi. Ni dai a ganina wannan ma son kai ne, ko da ba da gangan ba.

Ta Facebook ce ta fi ban dariya. A Mayun 2016 shafin Gizmodo ya ruwaito tsofaffin ma'aikata na cewa ashe mutane ne ke zaune suna zaɓar abin da zai fito a tirendin, kuma wai ana ture labaran masu ra'ayin riƙau na Amurka gefe. Kamfanin ya musanta cewa da manufa ake yi, shugabansa Mark Zuckerberg har ya zauna da manyan masu ra'ayin riƙau don lallashi, a watan Agusta aka sallami editocin aka bar wa na'ura aikin. Ko mako ba a yi ba labarin ƙarya ya hau sama cewa tashar Fox News ta kori mai gabatar da shirinta Megyn Kelly. An gudu ba a tsira ba kenan. A 2018 suka rufe sashen gaba ɗaya.

A China kuwa babu wani ɓoye-ɓoye, a 2018 hukuma ta sa Weibo, kafar sada zumuntar ƙasar mai kama da Twitter, ta dakatar da jerin nata na mako guda.

Amma fa kar a ce duk zargin shaci-faɗi ne. A Mayun 2021 Instagram ta toshe maudu'in Al-Aqsa daidai lokacin da ake rikici a masallacin, daga baya suka ce kuskure ne, wai an haɗa sunan da na wata ƙungiyar da ke jerin 'yan ta'adda. Sannan bayan Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, takardun cikin gida da aka fitar sun nuna akwai wani tambari da ake liƙa wa mutum don kada maganarsa ta hau tirendin, kuma an liƙa wa Jay Bhattacharya, malami a jami'ar Stanford a lokacin, mai sukar kullen korona.

A Maris 2023 Musk ya saki wani ɓangare na lissafin algoridim ɗin Twitter ga jama'a, wani ɓangare fa, ba duka ba. Har yanzu in maudu'inka ya ɓace daga jerin ba ka da hanyar sanin ko na'ura ce ta gaji da shi ko wani ne a ofis ya danna maɓalli.