Waiwaye: Yadda aka gano ƙofofin ruwa a ƙwayoyin halitta

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum naɗe take da wani siririn tantani na kitse, kuma kowa ya san kitse ba ya ga maciji da ruwa. Duk da haka ruwa yana shiga yana fita. Shekara da shekaru ana koyar da ɗalibai cewa tsattsafowa yake yi a hankali ta cikin kitsen, aka bar maganar a nan.

Ƙoda ce ta hana masu bincike sakewa da wannan bayani. A kwana guda ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180, sai su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Tsattsafowa ba za ta iya wannan aiki ba. Tun a shekarun 1950 Arthur Solomon na Jami'ar Harvard ya auna saurin shigar ruwa cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya ce lallai akwai kafofi. A 1970 Robert Macey ya nuna cewa sinadarai masu ɗauke da zaiba suna toshe hanyar, alamar cewa furotin ne ke tsaron ƙofar. A 1986 Gheorghe Benga na ƙasar Romaniya ya matso kusa ƙwarai da gano wannan furotin, har daga baya aka yi ta ƙorafin cewa an manta da shi wajen rabon yabo. Ƙorafin yana da tushe, sai dai bai ware furotin ɗin shi kaɗai ya nuna aikinsa ba.

Wanda ya yi hakan ba ruwa yake nema ba. Peter Agre, likitan jini a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, yana binciken rukunin jini na Rh ne a 1988 sai ya ci karo da wani furotin da ba a sani ba, mai yawa a jajayen ƙwayoyin jini da kuma ƙoda. A 1992 shi da abokan aikinsa suka sa ƙwan wani kwaɗon Afirka ya ƙera furotin ɗin, suka tsoma ƙwayayen cikin ruwan da aka rage wa gishiri. Waɗanda ba a taɓa ba suka zauna lafiya lau. Masu furotin ɗin kuwa ruwa ya kwarara cikinsu, suka kumbura, cikin 'yan mintoci suka fashe.

Amma ƙwai abu ne mai rai, cike da nasa kayan aiki. Wa ya sani ko furotin ɗin wata ƙofar ya farkar wadda dama tana ciki? A nan ne 'yan jakunkunan tantani suka raba gardama. Tare da Mark Zeidel, aka haɗa ƙananan jakunkuna da kitse zalla, aka dasa furotin ɗin a jikin wasu, aka bar wasu haka nan. Da aka jefa su cikin ruwa mai yawan narkakkun sinadarai, wanda ke janyo ruwa waje, masu furotin suka motse nan take, ruwan cikinsu ya tsere. Da aka sa zaiba, tserewar ta tsaya. A 1993 aka raɗa wa furotin ɗin suna akwaforin, a 2003 kuma Agre ya raba lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai da Roderick MacKinnon.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jiki ma da jakunkunan yake aiki. Tun a 1981 James Wade ya yi hasashen cewa ƙwayoyin ƙoda suna ɓoye ƙofofin ruwa a cikinsu, sai da bukata su fito da su. A 1993 ƙungiyar Sei Sasaki a Tokyo ta gano wani nau'in ƙofar a ƙoda, wato akwaforin ta 2, a 1995 kuma Søren Nielsen da Mark Knepper suka nuna gaskiyar hasashen Wade a fili. Idan ƙishirwa ta kama mutum, ƙwaƙwalwa tana sako homon ɗin basofiresin, wani sinadari mai kai saƙo ta cikin jini. Shi kuma ya sa jakunkunan da ke ɗauke da ƙofofin su tafi su haɗe da tantanin da ke fuskantar fitsari, ruwa ya koma jini. Mutum na shan ruwa ya ƙoshi, sai a kwashe ƙofofin a mayar ciki. Shi ya sa mai azumi yake ganin fitsarinsa ya ragu ya yi ja da la'asar.

Idan tsarin ya lalace abin ba daɗi. A 1994 masu bincike a Holan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon akwaforin ta 2 tana sa mutum ya riƙa fitsarin lita da yawa a yini ba tare da yana da ciwon suga ba. Maganin litiyam da ake ba masu wata lalurar ƙwaƙwalwa shi ma yana rage ƙofofin. Yanzu an san akwaforin iri 13 a jikin mutum, amma magungunan da likitoci ke amfani da su, irin su tolvaptan, saƙon homon ɗin suke tarewa, ba ƙofar kanta ba.