Sanya na'urar bugun zuciya ba sai an tafi Indiya ba

Da zarar likita ya ce dattijo na buƙatar na'urar daidaita bugun zuciya, sai dangi su fara lissafin tikitin jirgi da kuɗin masauki a Indiya, wai za a tsaga ƙirji. Ba a tsaga ƙirji. Ƙasan ƙashin wuya ake ɗan yankawa bayan allurar kashe zafi, a zura waya ta jijiya zuwa zuciya, a cusa na'urar ƙarƙashin fata. Mara lafiya ma idonsa biyu. Asibitocin koyarwa a Najeriya, irin na jihar Legas da ke Ikeja, sun daɗe suna yi.

Tsadar tana jikin na'urar ce. Daga waje ake shigo da ita da dala, shi ya sa faɗuwar naira a 2023 ta ɗaga farashinta, kuma mai waya biyu ta fi mai waya ɗaya kuɗi.

Abin da masu haɗa gudummawa kan manta shi ne batiri. Yakan yi shekara 7 zuwa 12, in ya ƙare kuma na'urar ake canzawa ɗungurungum, galibi a bar wayoyin. Tun kafin ranar aiki, sai a tambayi asibiti kuɗin duba na'urar da batirinta bayan an sanya ta.