Binciken wake a Ghana

Wake na daga cikin amfanin gonar da masu binciken noma a Ghana suka fi mayar da hankali a kai, saboda yana jure ƙarancin ruwa, yana nuna da wuri, kuma saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Mafi yawansa ana noma shi ne a arewa, inda damina ɗaya ce daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sannan a yi lodinsa zuwa Techiman, Kumasi da Akra. A zangunan Kumasi kamar Aboabo da Asawase, da shi ake ƙosai na karin kumallo da koko, da shi kuma ake shinkafa da waken da sauran 'yan ƙasa ke kira waakye, wadda ake dafawa da karan dafi don ta yi ja.

Tarihi

Cibiyoyi biyu na CSIR, hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Ghana, ne suka riƙe aikin. Ta farko ita ce cibiyar binciken amfanin gona ta CRI, wadda aka kafa a 1964, mazauninta yana Fumesua kusa da Kumasi. Ta biyu ita ce SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale, wadda ta daɗe tana tashar gwaji kafin ta samu cin gashin kanta a 1994, tana da rassa a Wa da Manga ta wajen Bawku.

A 1979 aka fara wani shirin bunƙasa hatsi da tallafin Kanada, wanda ya haɗa masara da wake. Ana cikin haka fari da gobarar daji na 1983 suka afka wa ƙasar, a shekarar da Najeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Yunwar lokacin ta ƙara wa neman iri mai saurin nuna daraja. Yawancin irin da aka gwada ya fito ne daga IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, da reshenta na Kano, sai a tantance shi a gonakin Ghana a ba shi sunan gida. Asontem, jan waken da CRI ta fitar a wajen ƙarshen shekarun 1980, haka ya samu.

Ƙuduji

Ƙudujin wake daban yake da na dawa. Yana maƙale wa saiwa yana tsotse ruwa da abinci, kuma kafin manomi ya ga kansa a sama ɓarnar ta yi nisa. Tsiro ɗaya kan zubar da dubban ƙwayoyin iri masu laushi kamar ƙura, waɗanda kan kwanta a ƙasa sama da shekara goma, shi ya sa nome shi bayan ya yi fure ba ya magani. Masu bincike sun samo juriya daga wani waken gargajiya na Botswana mai lamba B301, suka yi ta haɗa aurensa da wasu irin. A 2008 SARI ta fitar da Songotra, farin wake mai jure ƙuduji da ke nuna a wajen kwana 65.

Tsutsar kwanso

Tsutsar Maruca tana ɓoyewa cikin fure da kwanso, inda feshi ba ya kai mata sosai. An saka wa Songotra ƙwayar halitta daga baktiriyar Bt don ta kashe tsutsar. Hukuma ta amince da shi a 2022, aka fitar da shi a 2024 da sunan Songotra-T. Wasu ƙungiyoyi sun ƙi shi har sun je kotu. Masu goyon baya kuma suna cewa yana rage yawan feshi.

Ajiya

Nan ne ɗan kasuwa ya fi jin jiki. Ƙwaron wake yana yin ƙwai a bayan ƙwayar tun daga gona, tsutsarsa ta huda ta shige, cikin wajen mako uku zuwa huɗu sabon ƙwaro ya fito ya sake haihuwa. Buhun da aka bari haka, cikin 'yan watanni sai a ɗebo a ga ramuka da gari.

Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 bayan gwaje-gwaje a arewacin Kamaru, ba ya buƙatar magani. Leda biyu ce mai kaurin maikuron 80 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) a cikin buhun saƙa. Ana fara busar da waken har sai ya yi ƙaras a haƙori. A hura ledojin a tabbatar babu huji, a sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba waken, a matse iska, a murɗe bakin kowace a ɗaure ta ita kaɗai. Ƙwarin suna cinye iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Abin da ke ɓata shi sananne ne: ɓera, tsinke ko tsakuwa da aka bari cikin waken, da yawan kwance baki don nuna wa mai saye. Waken da bai bushe ba kuwa lalacewa yake yi a ciki. Ana ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango.

Dabarar gargajiya ta cuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, ita ma an gwada ta an ga tana aiki, amma ga ɗan abin da za a ci a gida.

Horar da masana

Cibiyar WACCI ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda Farfesa Eric Danquah ya jagoranci kafawa a 2007, tana horar da masu inganta iri har matakin digirin dakta.