Daga Kano zuwa Damagaram a jirgin sama: nawa ne nisan, kuma akwai jirgin ma?

Nisan nawa ne a sama?

Kusan kilomita 200 ne tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Zinder, wato Damagaram, in an ja layi a miƙe. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye shi cikin minti 30 zuwa 40 har da tashi da sauka, kafin ka gama shan ruwan da aka miƙo maka an fara cewa a ɗaura bel. Agogo ma ba sai ka juya ba, lokacin Najeriya da Nijar ɗaya ne.

To akwai jirgin fasinja kai tsaye?

Babu, kuma wallahi abin nan yana ci min rai. Filin Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1936 yake aiki, daga nan ake ɗibar alhazai zuwa Jidda, amma garin da ke bayan katangarmu, wanda muke da dangi da auratayya da ciniki da shi tun zamanin fatake, ba jirgi. Jiragen Zinder na cikin gida ne, Yamai suke zuwa su dawo. In ka nace sai ta sama to sai ka nemi hanyar da za ta kai ka Yamai tukuna, daga can ka sake yo gabas sama da kilomita 700, ka ga tafiyar rabin awa ta koma ta kwana, kuɗin kuwa ba a magana. Sai dai mai hali ya ɗauki shata.

Me ya hana kamfanoni sa jirgi?

Lissafi. Tashi da sauka su ne ke shan mai, ga kuɗin fili da harajin ƙetare iyaka, duk a kan tikiti za a ɗora, ɗan kasuwar Kantin Kwari kuma da dilolin atamfarsa ba zai biya wannan ba alhali mota na nan. Siyasa ma ta taka rawa: bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe boda, sai a Maris 2024 aka buɗe.

Ta mota fa?

Ita ce hanyar kowa, kilomita 240 ko kusa da haka. Kano, Kazaure, Daura, ka ƙetare a Kongolam, ka bi ta Matamai har Damagaram. Awa 4 zuwa 5, ya danganta da shingaye da yadda aka tsayar da ku a boda. Ka yi sammako, ka riƙe fasfo da katin allurar shawara, sannan ka canji 'yar sefa tun a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, don da ka wuce boda direban tasha ba lallai ya karɓi naira da daɗin rai ba.