Ƙirar Jiragen Ruwa da Ire-irensu

Ƙirar jirgin ruwa fanni ne na injiniyanci da ke tsara siffar gangar jirgi, ƙarfinta, injinsa, da yadda zai ɗauki kaya ba tare da ya kife ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, don haka fannin ya shafi har wanda bai taɓa ganin teku ba.

Tushen aikin ƙa'idar Arkimidis ce, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa: ruwa yana tallafe abu da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Shi ya sa dunƙulen ƙarfe ke nutsewa, amma in an buɗe shi kamar kwano sai ya tsaya a saman ruwa. Sai dai tsayuwar kaɗai ba ta isa ba. Dole nauyi ya zauna ƙasa, ta yadda in igiyar ruwa ta karkata jirgin zai miƙe da kansa. Jirgin da ya sauke kaya ma yakan ɗura ruwan teku a tankunan cikinsa don ya zauna daram.

A gefen kowane babban jirgi akwai da'ira da layi ya ratsa ta tsakiya, da wasu gajerun layuka kusa da ita. Wannan shi ne layin Plimsoll, iyakar lodi. Sunan ɗan majalisar Birtaniya ne, Samuel Plimsoll, wanda ya dage har aka yi dokar 1876, saboda masu jirage suna cika kaya fiye da kima, ma'aikata na halaka. Layukan sun bambanta ne domin ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaukar nauyi.

Kayan da jirgi zai ɗauka su ke yanke masa siffa. Jirgin kwantena ya samo asali a 1956, lokacin da Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Yau manyansu na ɗaukar sama da 24,000 na masu tsawon ƙafa 20. Manyan jiragen dakon ɗanyen mai kuwa suna kwasar ganga kusan miliyan 2. Bayan jirgin mai Exxon Valdez ya malalar da mai a Alaska a 1989, an wajabta musu gangar jiki ruɓi biyu, don in ta waje ta huje ta ciki ta riƙe. Akwai masu ɗaukar hatsi, tama da kwal a zube, da masu dakon iskar gas da aka sanyaya zuwa digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas har ta zama ruwa, irin waɗanda ke lodi a Bonny ta Jihar Ribas.

Jirgin dakon motoci, wanda ke kawo motocin tokumbo tashar Tin Can a Legas, yana bai wa masu ƙira wahala. Benayensa a buɗe suke daga gaba har baya don motoci su shiga da tayarsu, kuma ruwa kaɗan in ya shiga sai ya gangare gefe guda. Haka Herald of Free Enterprise, jirgin fito mai ɗaukar motoci da fasinjoji, ya kife a Zeebrugge ta Beljiyam a 1987, bayan ya tashi ƙofar gabansa a buɗe. Mutum 193 suka rasu.

Hanyar da jirgi zai bi ita ma tana da ta cewa. Tsofaffin ƙofofin mashigin Panama ba sa karɓar jirgin da faɗinsa ya wuce kimanin mita 32, sai a 2016 aka buɗe sababbi masu faɗi. A Maris 2021 kuma jirgin kwantena Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suez, ya tare hanya kwana 6.